Shekara Biyar a Cikin Barden Laka

Nazifi, da kai nake, da abokanka da kuke taruwa a ɗakin Usama a unguwar Nasim nan Riyad duk Juma'a kuna ɗaukar 'yan bidiyoyinku na barkwanci da waya. Ban iya faɗa da baki ba, in na fara sai magana ta sarƙe mini, shi ya sa na zauna na rubuta. In na yi kuskuren wata ko shekara a wani wuri a yi mini uzuri, abin ya jima. Amma abin da ka faɗa wata biyu da suka wuce ban manta ko kalma ɗaya ba. Muna zaune an ajiye farantin shinkafar kabsa, wani ya kunna Rijiya Tara kashi na biyu a waya, Barden Laka ya fito daga bayan dutse, sai ka nuna shi da ƙashin kaza ka ce, "Wannan ai ba ɗan wasa ba ne. Ko buhun siminti aka sa wa ƙafa zai yi. Ba magana, ba fuska, tafiya kawai." Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba, ban kuma ce komai ba, domin a ranar ba ni da izinin cewa komai.

Ni ne a cikin lakar nan. Ga wanda bai san fim ɗin ba, ko da yake ina jin da wuya a samu Bahaushen da ya yi wayo a zamanin faifan CD bai san shi ba, labarin wani saurayi ne da ya fita neman rijiyoyi tara da wata matsafiya ta toshe don garinsu ya mutu da ƙishirwa. Yana tafe wani barde da aka gina da laka yana biye da shi yana kare shi, ba ya magana, ba ya ci, ba ya barci. Kashi biyar aka yi cikin shekara biyar, kuma duk inda barden nan ya ɗaga ƙafa, ƙafata ce. Amma in ka bi jerin sunayen da ke hawa a ƙarshe za ka ga na mai dafa mana abinci, za ka ga na direban bas, in ka zo inda nawa ya kamata ya zauna sai ka ga an rubuta, "Barden Laka, shi da kansa." Wannan layin ne ya kawo ni Birnin Masana'antu na Biyu ina tuƙa injin ɗaga kaya a sito, digirina na wasan kwaikwayo yana ƙasan akwati. Ban ce shi kaɗai ba ne, amma shi ne babba.

Ranar da aka fara kai ni wurin Baba Tanko na je da riga mai guga da fayil a hammata. Alhaji Mudi, mai fim ɗin kuma daraktansa, ya ɗauke ni ne saboda tsawona, sai dai a lokacin na ɗauka takardata ce ta burge shi. Baba Tanko kuwa tsohon ɗan wasan daɓe ne, tun zamanin da ake yawo ƙauye-ƙauye a bayan a-kori-kura ana yi wa manoma wasa a kan taki da riga-kafi. Shi aka ba aikin gina barden da horar da wanda zai shiga ciki. Na zauna na fara yi masa bayanin abin da aka koya mana a jami'a game da shiga zuciyar wanda kake kwaikwaya. Ya bar ni na gama, sannan ya ɗauko ƙwarya ya kifa mini a ka, ta rufe ni har haɓa.

"To ɗan boko, yi mini fushi."

Na ɓata rai a cikin ƙwarya iya ƙarfina.

"Ka fara ne?" in ji shi. "Ni dai ƙwarya nake gani."

Na ce masa ai a fuska da murya ake nuna fushi, haka ma yake a littafi.

"Littafin naka yana da kafaɗa? In ba shi da ita, ajiye shi can kusa da akurki."

Wata biyu na yi a tsakar gidansa, in ban manta ba. Ya ɗaura mini guntayen katako a tafin ƙafa, ya ɗora mini tulu cike da ruwa, in yi ta kewaya gidan, in ruwa ya zuba a koma farko. Matarsa ta daina aiken 'yan garuwa saboda ni. A nan na koyi abin da ba a koya mini a aji ba: fushi a kafaɗa yake zama, kunya a wuya, tsoro a duga-dugai. Abu mai nauyi ba ya waiwaye da kai kaɗai, da ƙirji yake juyawa, ƙafa ta biyo baya. In an yi maka magana ba ka motsawa nan take, sai ka ƙirga numfashi uku, saboda mai kallo ya samu lokacin da zai yi maka tunanin da fuskarka ba za ta yi ba. In na yi sauri sai ya ɗana mini sanda a ƙwauri ya ce, "Ina za ka? An taɓa gina katanga tana gudu?"

Shiga rigar aikin awa uku ne, kullum, da asuba ake farawa. Sai an shafe ni da man kaɗanya daga wuya har yatsun ƙafa don kada ƙaro ya tafi da fata in an zo cirewa. Duk da haka ya tafi da girata ta hagu, wadda kuke tsokanata da ita kuna cewa wanzami ya yi mini rabin aiki. Sannan a sa mini riga da wando na buhun algarara, waɗanda Baba Tanko ya ɗinke wa soson katifa, ya sassaƙa shi da reza ya fitar da ƙirji da damatsa. A kan wannan ake yaɓa lakar, kuma ba kowace laka ba. Ja ce ta wani kududdufi a bayan Rano, a shanya, a daka, a tankaɗe da rariya, a kwaɓa da ruwan ƙaro da auduga don ta kama. Ana yaɓawa ina tsaye hannuwa a buɗe, sai ta sha iska ta fara tsagewa sannan a yaɓa ta biyu. Ba a zama, in ka zauna ta baya ta ɓare. Kan kuma babbar ƙwarya ce aka gina wa fuska aka ɗora ta sama da kaina don ƙarin tsawo, saboda haka idanun da kuke gani ba ta nan nake kallo ba. Ta tsagar bakin nake leƙe, faɗinta bai fi kaurin yatsa ba, abin da nake gani ƙasa ce, taku uku a gabana. Ba na jin darakta sosai, da gwangwani ake ba ni umarni: bugu ɗaya tafi, biyu tsaya, uku juya. Rabona da abinci tun jiya da magariba, ruwa kuma kurɓa ce ta bututun roba, domin wanda ya shiga ba ya fita sai yamma, kuma ba a yi wa barde hanyar zagawa ba. Sau da yawa Azahar sai an ɓare ni nake haɗa ta da La'asar, har yau ban tabbata malamai za su ba ni uzuri a kai ba.

Alkawarin a zauren Baba Tanko aka yi, saura kwana biyu a fara ɗauka. Shi ya kawo maganar. Ya ce a ƙauyensu in dodo ya fito ba a faɗin wanda ke ciki, ko matarsa ta gane sawun mijinta ba ta faɗa, domin da an san mutumin ciki abin ya mutu, sai dai a ce ga wane ya sa tsumma. Alhaji Mudi ya ji ya washe baki. Ina jin shi kasuwa ya hango ba al'ada ba, ko da yake ban shiga zuciyarsa ba. Ya kama hannuna ya ce, "Ka yi mini alkawari ba za ka faɗa wa kowa ba sai ranar da na sake ka da bakina. In mun gama zan tara 'yan jarida in cire maka kan nan a gabansu, duniya ta san ka rana ɗaya." Na ce na yi alkawari. Baba Tanko ya ce shi ne shaida, Allah ne babban shaida. Ba takarda, ba sa hannu, ni da na yi zangon karatu guda a kan yarjejeniyar aiki. Ma'aikata kaɗan ne suka sani, su ma aka ja musu kunne. Sauran sun ɗauka ni mai kwaɓa wa Baba Tanko laka ne, tunda a rumfa ta daban ake shirya ni. Daga ranar Alhaji bai ƙara kirana da komai ba sai Laka.

A kashi na uku akwai inda barde ya ɗauko saurayin a kafaɗa ya shiga kogi, ya durƙusa a tsakiyar ruwa, ya daɗe a durƙushe, sannan ya miƙe ya ƙetare. Na ji mutane da yawa suna cewa nan suka yi kuka. Ba a rubuta durƙuson ba. Ƙarshen damina ne, ruwan ya fi yadda aka auna da safe, soso ya sha ruwa, laka ta jiƙe, ga Kabiru, wanda ya fito a saurayin, a kafaɗata, shi kuma ba ƙaramin mutum ba ne. Gwiwata ta ƙi. Ruwa ya fara shiga ta tsagar bakin. Ina jin gwangwani daga gaɓa ana ta buga ɗaya, ɗaya, ɗaya. Kabiru ya langaɓe kamar sumamme yana ce mini ta gefen ƙwarya, "Habibu, ban iya ruwa ba. In ka yar da ni wallahi sai na biyo ka lahira mun ƙarasa." Abin da ya tashe ni ba ƙarfi ba ne, tulun Baba Tanko ne: ka mai da nauyi kan ƙugu, ka fitar da numfashi, ka tashi da duga-dugai ba da baya ba. Da muka kai gaɓa Baba Tanko ya fizge kan, na kifa ina ta aman ruwa. Alhaji ya taho da gudu, na ɗauka ni ya zo dubawa.

"Laka, wannan durƙuson! Za ka iya maimaita mini shi daga wancan ɓangaren?"

Na maimaita washegari. Wanda ke cikin fim haɗin biyun ne, kuma ina so ka zauna, Nazifi, ka nuna mini wanne ne na gaske wanne ne na wasa. In ka kasa, to wannan ita ce sana'ar.

Wanda ya fi ba ni wuya ma ba shi da haɗari ko kaɗan. A kashi na huɗu saurayin ya yi fushi ya kori barde, ya ce ya koma inda aka gina shi. Dole a ga maganar ta taɓa shi, ga shi ba ido, ba baki. Alhaji ya ce in daki ƙirji. Baba Tanko ya ce in aka daki ƙirji shi zai hau mota ya koma gida. Kwana biyu muna nema. Abin da muka tsaya a kai shi ne barde ya tsaya cak, numfashi uku, sannan hannunsa na dama, wanda tun kashi na ɗaya yake a dunƙule, ya buɗe yatsa bayan yatsa, ɓurɓushin laka yana zuba ƙasa. Sai dai dole lakar yatsun ta bushe daidai. In da sauran danshi ba ta zuba, in ta wuce sai ta faɗi gaba ɗaya kafin a kunna kyamara. Sau tara muka yi, kowane ɗaya sai an sake yaɓa hannun an jira rana ta yi aikinta, ni kuma ina tsaye a ciki. Duka abin bai kai minti ɗaya ba a fim.

Yadda fim ɗin ya karɓu ba sai na faɗa ba, iyayenku sun sani. 'Yan kasuwa suna layi a ƙofar ofis kafin faifai ya fito. Na taɓa zama a gidan kallo a unguwarmu ina jin ana musu a kaina. Wani ya ce inji ne aka sayo daga Sin, wani ya ce aikin kwamfuta ne, wani dattijo ya rantse aljani ne Alhaji ya yi yarjejeniya da shi, shi ya sa ba a sa sunansa ba. Aka juyo aka ce, "Kai da ka yi boko, me ka gani?" Na ce ban sani ba. Matata ma ce mata na yi ina aiki da masu haɗa kayan wasa. Ina zaton ta gane tun a watan farko, domin ita ke wanke jar ƙasar da ke maƙalewa a wuyan rigunana, amma ba ta taɓa tambaya ba.

Ku da kuke ganin in fim ɗinka ya yi suna shi ke nan ka haye, ku tambayi inda manyan Rijiya Tara suke. Kabiru ya samu tallan sabulu da na layin waya, 'yan siyasa suka yi yawo da shi zaɓe ɗaya. Amma duk fim ɗin da ya fito a miji ko malamin makaranta, da ya buɗe baki sai 'yan kallo su ce, "Ɗan Rijiya, ina bardenka?" Furodusoshi suka ga ba a ganin kowa a jikinsa sai wancan saurayin, suka daina kira. Yanzu taya yake sayarwa, kuma ɗan wasa ne na gaske, na ɗauke shi a kafaɗa, na san abin da nake faɗa. Hajiya Larai, wadda ta fito a matsafiya, mace mai azumin Litinin da Alhamis, rijiyar gidan da take haya ta ƙafe a wata bazara kamar yadda rijiyoyin unguwar duka suka ƙafe, maƙwabta suka je wa mai gida cewa ita ce. Ta tashi. Ta bar fim ta koma sayar da turare. Su sanin fuskarsu ne ya cinye su. Ni nawa ya zo ta wata hanya.

Shekarar da ta bi kashi na biyar ita ce mummunar shekarar. Kasuwar faifai ta faɗi, kowa ya koma tura fim a waya. Na je wa Alhaji da maganar 'yan jarida, ya ce in dakata a ga ko za a yi na shida. Na koma bayan wata biyu na tarar da ofis a kulle, lambarsa ba ta shiga, aka ce ya bar harkar ya koma fatauci. Na shiga neman aiki kamar sabon shiga. Akwai wani furodusa da na je wa, yana neman wanda zai fito a ɗan sanda. Ya juya takarduna ya ce, "Ka gama jami'a shekara bakwai ke nan. Me ka yi a tsakani?"

Na ce ina aiki.

"Wane fim?"

Na ce ba zan iya faɗa ba, amma babba ne.

Ya dubi yaransa, suka dube shi. Ya dubi girata da tabon ƙaro a wuyana. "Malam, faɗi gaskiya, ba mai ƙyamarka. Gidan yari ka je?"

A bangon da ke bayan kujerarsa akwai hoton Barden Laka, babba, an yi masa gilashi. Na karɓi takarduna na fito. Kafin wata ya ƙare maganar gidan yari ta zaga, har wani darakta ya aiko wai yana da rawar ɗan fashi da za ta dace da ni tunda na san ciki. Abin da na samu a shekarar bai wuce tsayuwa a bayan jarumi a taron biki ba, sau uku ko huɗu.

A wannan shekarar Baba Tanko ya kwanta. Na je duba shi, na ce, "Baba, kai ka kawo maganar nan, ka sake ni mana." Ya ce ba hannunsa na kama ba, hannun Alhaji na kama, shi shaida ne kawai, kuma bai ga yadda zai bayar da abin da ba nasa ba. Bai yi sati uku ba ya rasu. Na tambayi limamin unguwarmu ba tare da na faɗi ko mene ne ba, ya ce alkawarin da aka ambaci Allah a kai, in ba saɓo a cikinsa, mai shi ne ke warware shi. Na san wasunku za su ce wauta ce, wataƙila ma kuna da gaskiya, akwai malamin da zai iya ba ni wata fatawar da na ƙara nema. Ni dai abin da aka ce mini ke nan, kuma ban iya rabin abu ba. Bayan shekara biyu yayan matata ya samo mini biza. Iƙamata, wato katin zaman ƙasar nan, ta ce ma'aikacin sito, shekara tara ke nan. Mudirinmu, manajan sito, yana yabona wai ban taɓa kayar da kaya ba ko a lungun da ba a ganin gaba sosai. Ban gaya masa inda na koya ba.

Maganarka ta buhun siminti ce ta sa na sake neman Alhaji. Na aika wa Hajiya Larai saƙon murya, na ce ko ta san inda Alhaji Mudi yake. Ta amso tana dariya, "Ƙanena, ai abokin sana'ata ne yanzu. Riyad ɗin taku ma yake zuwa sarin turaren wuta da abaya, ƙarshen watan nan yana nan." Ta ba ni sunan shagon da yake sauka a unguwar Dira. Na nemi rabin yini a wurin aiki, na kwana uku ina tsara abin da zan ce. Bayan La'asar na same shi a kasuwar da ke bayan tsohuwar fadar Masmak, zaune a kan kujerar mai shago, ya yi ƙiba, gemu ya yi fari, yana shinshina guntun itacen turare.

"Salamu alaikum, Alhaji, ranka ya daɗe."

Ya amsa yana dubana sama da ƙasa. "Daga ina?"

"Rijiya Tara."

"Laka! Ikon Allah, ashe nan ka ɓuya!" Ya juya wajen mai shago yana nuna ni, yana ce masa da guntun Larabcinsa ni abokinsa ne na fim. "Haza sadik, filim, filim." Ya sa aka kawo mini gahawa da dabino.

Na ce, "Alhaji, zuwa na yi ka sake ni."

"In sake ka? Aurenka nake yi?"

"Alkawarin zauren Baba Tanko. Ka ce kada in faɗa wa kowa ni ne a ciki sai ka sake ni da bakinka."

Ya sauke itacen daga bakin hancinsa. "Ni na ce haka?"

"Kai ka ce."

"To ai wannan na talla ne, Laka. Na kashi na ɗaya ne, don faifai ya shiga. Kana nufin har yau ba ka faɗa ba?"

"Ban faɗa ba."

"Shekara nawa?"

"Sha shida."

Ya yi ta dariya har mai shago ya kama tayawa ba tare da ya san me ake ba. Ya share ido da gefen hirami ya ce, "La'ilaha illallahu. Ai mutum uku na ji sun fito a intanet kowa ya ce shi ne, ɗaya ma har fim aka ba shi a kan haka. Na ce a raina ko kana cikinsu."

Na san da su. Na kalli hirar kowannensu, akwai wanda ya ce rigar ta roba ce, da zif a baya. Na ce, "Me ya hana ka ƙaryata su, Alhaji?"

"Da wane lokacin? Kai ma ai da ka neme ni. To shi ke nan, na sake ka, na sake ka, na sake ka, uku cif. Je ka faɗa wa duniya."

Na ce to a gyara jerin sunayen, layi ɗaya ne. Ya ce ya daɗe da sayar da fim ɗin gaba ɗaya ga masu tashar intanet, ko hotonsa ba shi da ikon taɓawa. Na ciro waya na ce to ya faɗa da bakinsa in ɗauka, ko rabin minti ne. Ya sa tafin hannu ya rufe kyamarar.

"A'a, kada ka sa ni a waya. Na tuba da harkar fim, 'ya'yana mata suna gidajen mutunci, surukaina ba sa son a tayar da maganar. Amma duk wanda ya tambaye ni a gefe zan gaya masa, wannan alkawari ne." Ya ɗan dakata, ya sosa gemu. "Me ma sunan naka?"

Na gaya masa. Ya maimaita sau ɗaya, ya ce suna mai kyau, ya koma cinikin turarensa.

Juma'ar da ta biyo baya na zo ɗakin Usama da wuri. Na jira aka zuba abinci, aka natsu, na yi gyaran murya na ce ina da magana a kan Barden Laka. Na faɗa muku ni ne. Shi ne karo na farko da kalmar ta fita daga bakina, kuma na san ban faɗe ta da kyau ba, na yi ta in'ina. Usama ya ɗauki waya ya ja fim ɗin zuwa ƙarshe, ya bi sunayen da yatsa a hankali, da yake Hausar karatu tana ba shi wuya, ya ɗago ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ammu, wallah babu Habibu a nan."

Kai kuma, Nazifi, ko tauna ba ka daina ba. Ka ɗaga yatsu huɗu masu maiƙo ka nuna wa ɗakin.

"Jama'a, an samu na huɗu."

Aka sheƙe da dariya, wani ya turo mini cinyar kaza gabana wai ladan ƙoƙari.